Yatsa a Cikin Ruwan Ɗumi

A ginin da ake koyar da ilimin sassan jiki, can ƙasa inda rana ba ta cika leƙawa ba, akwai wani ɗaki mai warin magani da narkakken kyandir. A ɗakin nan mutumin da ɗalibai suka laƙaba wa Wanzami ya yi shekara talatin da ɗaya, kuma bai taɓa yi wa kowa aski ba. Aikinsa shi ne a kawo masa ɗan guntun tsoka, na ƙoda ko hanta ko fata, wanda bai wuce ƙwayar wake ba, ya jiƙa shi a magani, ya binne shi cikin kakin kyandir, in ya daskare ya ɗora a injin yanka ya riƙa fere shi falle-falle, kowane falle ya fi ɓawon albasa sirantaka nesa ba kusa ba. Fallen yakan fito a yamutse, don haka sai an shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, sannan a kwaso shi da ɗan gilashi, a rina shi ja da shuɗi, a kai wa mai dubawa. Da yake duk lokacin da ka leƙa za ka same shi yana wasa wuƙar injin, sunan ya bi shi har gida, matarsa ma da shi take kiransa in tana jin tsokana.

Mai dubawar kuwa shi ne Likita. Asibitin koyarwar cike yake da likitoci, amma a ginin nan in an ce Likita mutum ɗaya ake nufi, wani dogon dattijo da sunkuya a kan madubi ta rankwafar da shi, madubin nan da ke nuna abin da ido bai isa ya gani ba. Da farko a ɗakin marasa lafiya yake, shekara bakwai, kuma an ce yana da hannu. Sai wata yarinya 'yar shekara tara ta rasu a gabansa da ciwon ƙoda, mahaifinta ya tambaye shi, ba da faɗa ba, mene ne ainihin abin da ya lalace a cikin ƙodar. Shi ma bai sani ba. Kafin shekara ta zagayo ya rataye abin sauraren ƙirji ya gangaro wurin gawarwaki da gilasai. Dangi suka yi masa caa, wai an sha wuya an yi likita ya koma gadin matattu. Yayarsa ta yi wata shida ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuwa bai fasa zuwa gaishe ta ba.

Wanzami ya ga malamai iri-iri, masu ilimi da masu baki kawai, amma bai ga kamar wannan ba. Ranar da sababbin ɗalibai za su fara shiga wurin gawa, Likita yakan tsayar da su a bakin ƙofa ya ce musu wanda ke kwance a ciki shi ne babban malaminsu, shi ɗan rakiya ne, kuma duk wanda ya yi dariya a gaban malami ya kama gabansa. Yana zane a allo da hannu biyu a lokaci guda, ƙodar dama da ta hagu, bakinsa bai tsaya ba. Ba ya barin ɗalibi ya faɗi sunan abu sai ya fara zana abin da ya gani, domin ya ce yawancinsu abin da suka haddace suke gani, ba abin da ke gabansu ba. Ya san sunayen 'ya'yan masu shara. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: ba ya ƙaunar ganin yamutsa a gilashi. Ko ɗaya ya gani sai ya ɗaga gilashin da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera, ya mayar maka. Wanzami yana saurayi ya sha wannan mayarwa har ta ishe shi, ya ƙudura a ransa ba za a ƙara ba. Ba a kuwa ƙara ba. Gilasansa suka zama abin kwatance, sumul kamar an bi su da dutsen guga.

A shekara ta biyar da haɗuwarsu Likita ya ga abin da ya yi masa suna. Cikin ƙoda akwai 'yan bututu dubbai da ke tace jini, kuma a kewayen waɗansunsu ya hango wata siririyar rata, fara tas, kamar 'yar hanya. Ya duba ƙoda ɗari da wani abu, kowacce akwai ta. Ya ce ta nan wani ruwa ke bi, kuma toshewarta na iya zama tushen cututtukan da aka rasa kansu. Ya rubuta, aka buga, aka gayyace shi wurare masu nisa, har masu wannan fanni suka fara kiran 'yar hanyar da sunansa. Waɗansu masana sun rubuto cewa su fa ba su gan ta ba. Likita yakan yi murmushi ya ce gilasansu ne ba su da kyau, ya sa a aika musu da na Wanzami. In suka duba sai su ga hanya ƙuru-ƙuru, waɗansu su yi shiru, waɗansu su ci gaba da gunaguni. Wanzami bai taɓa hawa jirgi ba, amma gilasansa sun hau, kuma ba ya ɓoye cewa wannan yana fasa masa kai.

Haka aka yi shekara ashirin da shida. Likita ya kai shekarun ajiye aiki, aka sa ranar da zai yi laccar ban kwana a babban zaure. Wadda za ta gaje shi tsohuwar ɗalibarsa ce, mace mai kazar-kazar da kowa ke kira Ƙaramar Likita ko da yake 'ya'yanta sun kusa gama sakandare. Ta so ta yi wa malaminta abin da zai ji daɗi, wato ta yanka sababbin gilasai da hannunta, masu nuna hanyar, a haska su a zauren. Ta kafa sabon kwanon ruwan ɗumi mai nuna lambobi a kusurwar ɗakin Wanzami, ta yi ta yanka. Sau uku tana yi, hanya ba ta fito ba.

Saura mako biyu ta zo ta tsaya a kansa jiki a sanyaye.

"Baba, gaya mini gaskiya, hannuna ne ba shi da kyau?"

Wanzami ya duba wuƙarta, lafiya lau. Ya duba rininta, ba laifi. Ya tsoma yatsa a kwanonta, sai ya yi dariya ya ce ai wannan ruwan wankan jariri ne, ina zai miƙar da falle? Ta nuna masa lambar da ke jiki, arba'in da biyu, ta ce haka littafi ya ce. Ya ce littafi bai taɓa yanka ƙoda ba. Ta yi dariya ita ma, ta duba agogo, ta wuce aji.

Dariyar ba ta daɗe a bakinsa ba. Shi ruwansa a wata tsohuwar tasa yake ɗumama shi, a kan ƙaramin murhun lantarki. Ma'aunin zafin da ya gada ya fashe tun yana shekara ta biyu a aiki, ya ji kunyar faɗa, ya koma auna ruwa da yatsa, kuma ya lura in ruwan ya ɗan ƙara zafi yamutsa takan ɓace gaba ɗaya. Yatsan da ya saba da narkakken kaki kuwa ba ya jin zafi kamar na sauran mutane. Ya zaro ma'aunin zafin da ke jikin kwanon Ƙaramar Likita ya tsoma a tasarsa, wai don ya nuna mata nan gaba. Hamsin da uku.

Ya kulle ƙofa, abin da bai taɓa yi da rana ba. Ya ɗauko ƙullin kaki ɗaya mai guntun ƙoda a ciki, ya fere falle uku a jere daga wuri guda. Ya shimfiɗa na farko a ruwa mai arba'in da biyu, na biyu a arba'in da takwas, na uku a ruwansa na kullum. Ya rina su, ya sa a madubi, domin wanda ya yi shekara talatin yana miƙa gilashi ya iya leƙawa. A na farko babu hanya. A na biyu ta fara tsagewa kaɗan-kaɗan. A na uku ga ta nan fara sol, kyakkyawa, kamar yadda take a bangon ofishin Likita. Zafin ruwa ne yake buɗa tsokar ta rabu da juna. Ya maimaita da wata ƙodar, ya sake da wata, ko Allah zai sa ya ƙaryata kansa, amma abin bai canza ba.

Da yamma ya isa gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki. Kallo ɗaya ta yi masa ta tsayar da ƙafa ta tambaye shi wa ya rasu. Ya ce ba kowa. Ta ce to wannan fuskar fa, shi da ko kofi ya fasa sai ya yi ta kewaye-kewaye har ya tona kansa? Ya zauna a bakin gado ya kwashe labari ya gaya mata, tana saurare da allura a baki. Sannan ya faɗi abin da yake ta juyawa a ransa tun a mota: babu wanda ya sani. Zai iya karɓar yankan Ƙaramar Likita ya shimfiɗa mata a tasarsa, hanya ta fito, ta yi murna, a yi lacca a tafa, dattijo ya tafi gida da mutuncinsa. Shi ma shekara ɗaya ta rage masa.

Ta cire allurar ta soke a hannun riga. Ta tambaye shi ita kuma baiwar Allahn nan fa, haka za ta ƙare rayuwarta tana zargin hannunta, tana bin hanyar da babu ita? Ta tuna masa lokacin da aka yi wa babban ɗansu aiki a ciki, Likita ya bar komai ya zauna da su a barandar asibiti wuni guda, har ya riƙe mata jariri ta shiga ta fito.

"Baban yara, mutumin nan ba tafi yake nema a wurinka ba. Kai ma ka sani, kunya kake gudu."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya ji haushinta har ya ƙi cin abinci. Kwana huɗu ya yi yana hawa matakala yana dawowa daga tsakiya. Rana ta biyar da hantsi ya yi ta maza ya ƙwanƙwasa.

Likita yana cikin kwalaye, yana ɗaure littattafai da igiya, yana ta raha cewa bai san ya tara takarda haka ba. Wanzami ya jera gilasai uku a gefen madubi, kowanne da lambarsa, ya ce ƙoda ɗaya ce, wuri ɗaya, a duba. Likita ya gyara tabarau ya sunkuya. Ya duba na farko, na biyu, na uku, ya koma na farko. Ya daɗe sosai, har Wanzami ya fara jin ƙarar agogon bango. Da ya ɗago sai ya tambayi mene ne lambobin. Aka gaya masa. Ya ce su sauka a yi a gabansa.

Aka yi a gabansa. Ya tsaya hannu a baya yana kallon fallen yana bajewa a kan ruwa. Can ya naɗe hannun riga ya tsoma yatsa a tasar, ya fizge da sauri yana yarfewa. Ya tambaya tun yaushe. Wanzami ya ce tun kafin a ga hanyar.

"Me ya sa?"

"Ba ka son yamutsa, ranka ya daɗe."

Likita ya dube shi, ya dubi tasar, ya sauke hannun rigarsa ya ɓalle maɓalli a hankali. Ya fita.

Kwana uku ba a gan shi a ginin ba, mutumin da ko rasuwar matarsa kwana bakwai kawai ta hana shi zuwa. Da ya dawo kuma ya kulle kansa a ofis, aka ce yana shirin lacca. Wanzami ya rame a tsaye. In ya ji takun tafiya a matakala sai ya tsayar da injin ya kasa kunne, in takun ya wuce kuma ya ji ba daɗi. Ya san ya rusa wa mutumin da ya fi girmamawa a duniya aikin rayuwarsa, da yatsa ɗaya, kuma bai san abin da zai fi yi masa ciwo ba: Likita ya tsaya a zaure ya ce ga wanda ya cuce ni, ko ya tsaya ya yi laccar kamar ba abin da ya faru.

Ranar lacca zaure ya cika ya batse. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga nesa, waɗansu da furfura. An buga hoton hanyar ƙato an rataye a bayan mumbari. Wanzami ya samu kujera ta ƙarshe kusa da ƙofa, ya sa hula a gwiwa. Aka yi ta yabo kusan awa guda, Likita yana zaune yana kallon takalmansa. Da aka ba shi dama ya tashi, ya gode, ya ce a rage fitila. Sai ga gilasai uku a allo, da lambobinsu a rubutun hannun Wanzami.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake koyar da 'yan aji ɗaya, ba gaggawa, ya sa kowa ya kalla da idonsa kafin ya faɗa.

"Hanyar nan da kuke kira da sunana babu ita. Ruwan zafi ne ya buɗa ta, ni kuma na gan ta saboda ina son in gan ta."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Shugaban makaranta ya fara shafa gemu. Ƙaramar Likita ta rufe baki da hannu. Likita ya jira aka lafa, ya ce waɗanda suka rubuto masa shekaru da yawa cewa ba su gan ta ba su ne masu gaskiya, ya lissafa su da sunayensu, ya ce biyu sun rasu bai ba su haƙuri ba, sauran ya rubuta musu a wannan makon. Ya ce duk wanda ya gina bincike a kan maganarsa ya zo ya same shi su zauna su ga abin da zai tsira. Sannan ya ce kada wanda ya fita ya ce laifin mai yanka ne. Shi ya nemi gilashi mai kyau, aka ba shi, kuma shekara ashirin da shida yana wuce tasar nan kullum bai taɓa tsoma yatsa ba, alhali shi ne ya ɗauki alƙalami ya gaya wa duniya.

"Abin da na kasa ganowa a shekara ashirin da shida, wani ya gano shi a wuni ɗaya da ruwa kashi uku. Yana iya yin shiru, babu mai sani. Ya hau matakala ya gaya mini. Ɗan'uwana, tashi su gan ka."

Wanzami ya tashi ne kawai don ƙafafunsa sun saba bin umarnin wannan murya. Hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Tafin ya fara daga wani lungu, a ɗarare, sannan ya game zauren, mutane suka miƙe, kuma ba wanda zai iya cewa ga wanda ake tafa wa a cikinsu biyun. Shi dai bai ga komai ba saboda hawaye. Da aka fara gaishe-gaishe ya sulale ya sauka ɗakinsa.

La'asar ta yi sanyi yana zaune ya zuba wa tasar ido, sai ya ji takun da ya sani. Likita ya shigo da rigar girmamawa a saɓe a kafaɗa, ya rataye ta a ƙusar da ake rataye tsumma. Wanzami ya miƙe, ya fara ba da haƙuri. Likita ya ɗaga masa hannu. Ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, ya ji zafi, zafin da bai ji irinsa ba tun da ya binne matarsa. Ranar farko haushin Wanzami ya ji, sauran kwanakin haushin kansa. Ya ce har yau da safe yana ɗaura agogo zuciyarsa tana ce masa ya bar zancen, wa zai sani. Ya faɗi haka yana kallon dogayen kabad ɗin da ke jikin bango, inda ƙullin kaki na shekara da shekaru ke jere da lambobinsu. Ya tambaya guda nawa ne. Wanzami ya ce sun haura dubu huɗu.

Likita ya ce to kowanne sai an sake yanka shi a ruwan da ya dace, a ga abin da ke cikin ƙodar da gaske, kuma Ƙaramar Likita ta yarda ta ba shi kusurwa ɗaya in mai ɗakin ya amince. Sai dai wannan karon ba zai zauna a sama a kawo masa ba.

"Ban taɓa juya injin nan ba, ka sani? Ko sau ɗaya. Za ka karɓi ɗan koyo mai shekara saba'in?"

Wanzami ya jawo kujerarsa, wadda ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi, ya karkaɗe ta da hannu. Likita ya zauna, ya cire agogo, ya kama mariƙin injin. Hannun yana rawa, irin rawar tsufa da ba a lura da ita sai an zo aikin da ba ya son rawa, fallen farko ya fito a yage. Ya sake, ya yage. Ya ɗago ya dubi Wanzami kamar yadda ɗalibai ke duban shi kansa. Wanzami ya matso, ya ɗora hannunsa a kan na Likita, ya ce a hankali, ranka ya daɗe, kada ka danna, bar wuƙar ta yi aikinta. Suka juya tare.